Ɗan Dako a Cikin Tsohuwar Waya

Mandawari, Kano
6 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya sanyin Jos, yaya kuma gwiwar taki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta sauka sosai, lungunmu ya koma rafi, ni kuma na koma mai gadin zaure, tun da idona ya raba ni da keken ɗinki.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ke ce kika hana ni. Duk ranar da na kira ki sai kin danna sifika, gida da maƙwabta kowa ya ji ciwon bayana. Maganar nan kuwa ba ta sifika ba ce, shi ya sa na rubuta na ba direban Jos.

Maganar ɗanki ce, wanda yake zaune a wajenki shekara bakwai ke nan. Kin san tun da aka haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma haka muka taso muka gani. Ke kanki har Baba ya koma ga Allah "waccan" yake ce miki.

Makon jiya ruwa ya zubo ta rufin ɗakin marigayiya Larai, muka fitar da kaya ni da autarmu Bahijja. A can ƙasan adaka muka tarar da tsohuwar wayarsa naɗe a cikin ɗankwali. Ashe uwarsa ce ta ɓoye ta. Bahijja ta jona ta a caji don wasa kawai, sai ga ta ta kama. Babu hoto a ciki, babu lambar kowa, sai gem ɗin nan da ya yi.

Kin tuna shekara biyun da ya yi yana yawo cikin gari yana ɗaukar hoton katanga da kwata da ƙofofin mutane, yana bin tsofaffi su yi masa magana a waya, har ana cewa karatu ya taɓa shi? To, abin da ya haɗa ke nan. Sunansa Dako. Kai ne ɗan dakon. A ɗora maka kaya a kasuwar Kurmi, a ce kai gidan wane a Shahuci, shi ke nan. Babu taswira, babu kibiyar da za ta nuna maka gabas. Sai dai ka tambayi mutanen da ka tarar a hanya, kuma babu wanda zai ce maka uffan sai ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya. In ka yi gaggawa ka tsallake tambayar iyali, tsohon zai kau da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Akwai ma wanda in ka gaishe shi a tsaye ba ka rusuna ba, zai yi maka kwatance da fara'a, ka bi, ka tsinci kanka a bayan masai.

Yaya, ni Mikail, da furfurata, kwana shida ke nan ina dako. Bahijja ta koya mini inda ake dannawa. Lungunan suna nan yadda suke kafin a rushe na rushewa a yi bulo. Na wuce ta gindin durumin da aka sare. Na gaisa da mutum huɗu waɗanda ni na tsaya a sahun jana'izarsu, suka amsa mini da muryarsu.

Yanzu bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da ya gama aikin nan, bayan la'asar ne, muna zaune a zaure ni da mutum shida. Ya zo ya durƙusa, ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya ce, "Baba, an gama." Wallahi a lokacin ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Amma ga mutane, ga ɗan fari. Sai na karɓa, na juya ta gaba da baya kamar mai taya takalmi, na mayar masa ban danna komai ba. Na ce, "To, madalla." Na juya na tambayi Ɗantani yaya haƙorinsa. Kin san Ɗantani, tsohon ɗan dakon Kurmi da ke kwana a shagon kusa da mu. Shi kuma da bakinsa ya ce, "Malam, an kai yaro jami'a ya dawo zai mayar da duniya 'yan dako." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Sauran kin sani. An sa gem ɗin inda ake saukewa, mutum saba'in da 'yan kai suka ɗauka, rabinsu abokansa. A shekarar kowa ƙwallo yake bugawa a waya, ko harbe-harbe. Waɗanda suka gwada nasa suka rubuta cewa babu bindiga, babu gudu, gaisuwa ta yi yawa. Bayan wata biyar ya haɗa jakarsa ya taho wajenki, ya kama gyaran injin buga takardu. Sai da sallah yake leƙo mu, mu gaisa, ya koma.

Ga abin da ya sa na rubuto. Batirin wayar ya kumbura, bayanta ya ɗago kamar gurasa a tanderu. Bahijja ta duba, ta ce an daɗe da cire gem ɗin daga inda ake saukewa. Idan wayar nan ta mutu, ban san inda wani yake ba. Don Allah ki tambayi ɗanki ko ya ajiye shi a wani wuri. Ki yi kamar daga gare ki tambayar ta fito. Kada ki ce ni ne.

Ki gaida kowa da kowa. Bahijja tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Mikail

Mandawari, Kano
21 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, da ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Man zafin da kika aiko ya iso, na gode.

Takardarki ma ta iso, na karanta faɗan da ke ciki sau biyu, na karɓa. Kin ce in ɗauki waya in kira shi da kaina, tun da ba a yanke mini harshe ba. Yaya, na ɗauki wayar. Na nemo lambar. Na zauna da ita a hannu har aka kira azahar. Me zan ce? Shekara talatin da huɗu ban taɓa ce masa ya yi daidai a kan komai ba, sai dai in gaya wa uwarsa ta kai masa. Yanzu mai kaiwar ba ta nan.

Amsar da ya ba ki kuwa na karanta. Wato ranar da zai bar Kano ya goge komai daga kwamfutarsa, da zanen da muryoyin, kuma ya ce, "Gwaggo, a bar maganar nan." To, ashe wanda ke hannuna shi ne ya rage a duniya.

Mun je wajen masu gyara ni da Bahijja. Na farko ko gama bayani ban yi ba ya ce, "Baba, fulashin za a yi mata ta dawo sabuwa." Ni har na ce to, don na ji kalmar sabuwa. Bahijja ce ta fizge wayar daga hannunsa, ta ce, "Baba, wanke ta zai yi tas, har da Mama a ciki!" Na biyun dattijo ne, ya duba a natse. Ya ce an daina yin irin batirin, kuma in ya ɓalle bayan, zai iya tafiya da abin da ke ƙarƙashi. Ya gwada kwafe gem ɗin zuwa wayar Bahijja, sabuwar waya ta ƙi buɗe shi, wai ya tsufa. Ya ce muryoyin ma suna wani ɗaki ne a cikin wayar wanda sai mai shi ke da mukulli. Shawararsa ita ce in bar ta jone da caji, kada in bari ta yi zafi, in kuma yi abin da zan yi da wuri.

Saboda haka yanzu dakona sai an kawo wuta. Da na ji yaran unguwa sun yi ihu, sai in ajiye ko me nake yi in jona. Wani lokaci ina tsakiyar gaisuwa da mutum a ɗauke, in bar shi da baki buɗe har gobe.

Kin ji Bahijja ta ce har da Mama a ciki. Gaskiya ne. A kaya na biyar, buhun gero ne za a kai Ƙofar Kabuga, na ɓata hanya na faɗa wani lungu, na yi sallama a wata ƙofa mai labulen buhu. Sai na ji daga ciki an ce, "Wa alaikumus salam, wane ne? Sannu da kaya. Tsaya ka sha ruwa tukuna, hanyar ba guduwa za ta yi ba." Larai ce, Yaya. Har da 'yar dariyar nan da take yi ta hanci. Tun daga ranar, ko ina aka aike ni sai na bi ta lungun nan. Geron mutane ya sha yawo. Bahijja ta ɗauki bidiyon wajen da wayarta don kada a rasa duka. Na kalla, amma ba ɗaya ba ne. A bidiyo ba ni take amsa wa ba.

Na kira Ɗantani ya gani, don muryar ɗan dakon tasa ce. Ya ƙura kunne, ya ji kansa yana cewa "a gafara, a gafara, kaya ne," sai ya ce, "Kai! Ɗan nema, har tarina ya sa!" Ya yi ta dariya har da hawaye. Ya karɓi wayar ya ce shi ba ya buƙatar tambayar kowa, ya kai kaya Shahuci ido rufe, ya kuwa kai. Da ya gama ya ce, "Malam, ko lungu ɗaya yaron nan bai kuskure ba. Shekara arba'in ina bin hanyoyin nan, ban taɓa tunanin wani ya kula ba." Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Dariyar da muka yi ranar nan ba ta yi kyau ba." Na ce masa ya tashi ya tafi, zai cinye mini caji.

Bahijja ta ce irin wannan ba a kansa aka fara ba, gem masu kyau da yawa sun fito an wuce su, sai bayan shekaru wani ya tono a yi ta yabo. Har ta gano wani mutum a intanet da ya rubuta bara yana cigiyar gem ɗin ɗan dakon Kano, babu wanda ya amsa masa. Na ce ta rubuta masa yana nan, wajen wani tsoho, jone da bango.

Kaya goma sha biyu ne gaba ɗaya, ina na tara. Kusurwar gilashin ta fara baƙi. Ki taya ni addu'a in kai ƙarshe. Kuma har yanzu kada ki gaya masa.

Gaisuwa ga yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Mikail

Mandawari, Kano
4 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce.

Na kai kaya na ƙarshe, shekaranjiya da hantsi. Ba buhu ba ne, ɗan ƙunshi ne a takarda, ba a faɗi abin da ke ciki ba. Aka ce a kai Mandawari, gidan Malam tela. Wannan karon ban tambayi kowa hanya ba. Na biyo ta bakin masallaci, na karya kwanar mai itace, sai ga ƙofarmu, da tsohon fentin nan kore da na sake bayan auren 'yarmu Hafsat. Ga zaure. Ga wani mutum zaune a kan buzu bayan keken ɗinki, hularsa ta karkace hagu, tabarau a kan hanci. Ko makaho ya shafa ya san ni ne.

Ɗan dakon ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Tun farkon gem ɗin muryar Ɗantani ce, amma a nan ba ita ba ce. Muryar ɗanki ce.

Mutumin bai ɗago ba. Keken yana ta tafiya. Aka sake sallama, shiru. Aka yi ta uku. Daga nan ɗan dakon ya yi abin da aka koya mana a yi in an yi sallama uku ba a amsa ba, ya juya da ƙunshinsa a ka ya kama hanya. Gilashin ya dushe, sunayen waɗanda suka ba da murya suka fara wucewa. Na ga na Larai, na ga na Ɗantani, na ga na mai itace. Babu nawa.

Sai a lokacin na tuna. Sau biyu ya turo uwarsa ta ce yana so in ba shi murya, kalma biyar ko shida kawai. Na ce ta gaya masa ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Ba don ba na so ba. Na kasa tunanin in zauna ni da shi a ɗaki ɗaya, yana riƙe da waya a bakina, yana cewa in sake. Na ɗauka zai sa wani ya yi a madadina. Ashe bai sa kowa ba.

Na ce ko ni ne na yi kuskure, wataƙila akwai wajen dannawa da ban gani ba. Na koma na sake ɗaukar ƙunshin. Na rusuna, na cire takalmi, na jira, na danna kan mutumin, na danna keken, na danna kowane lungu na gilashin. Na kira Bahijja daga wajen aiki ta zo ta duba, ta ce, "Baba, babu. Haka ya gina shi." Ban yarda ba. Na sake, na kuma sakewa. Wayar tana zafi a hannuna ina ji, na tuna abin da mai gyara ya ce, ban tsaya ba. Ina ta ce wa mutumin nan a fili, kai malam, ɗago mana, ana yi maka sallama. A karo na bakwai, tsakanin sallama ta biyu da ta uku, gilashin ya yi fari, ya yi baƙi. Wani wari ya taso.

Jiya mun koma wajen dattijon. Ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu. Bai karɓi komai ba.

Da na haƙura a karo na farko, da wataƙila ta ƙara mako, in ƙara shan ruwa a ƙofar Larai. Ni na ƙarasa ta da hannuna.

Akwai wata takarda a cikin ambulan ɗin nan, a naɗe daban. Ba taki ba ce. Ki ba shi hannu da hannu, kuma don girman Allah kada ki tsaya a kansa yana karantawa.

Ƙaninki,
Mikail

Mandawari, Kano
4 ga Agusta

Zuwa ga Zaharaddeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin garin, yaya haƙuri da faɗan gwaggonka? Mu nan lafiya lau.

Ni ne na sa ta tambaye ka maganar Dako. Mahaifiyarka ta ajiye tsohuwar wayarka, muka same ta, na buga shi tun daga kaya na farko har na goma sha biyu. Wata guda na yi. Yanzu wayar ta mutu, kuma a hannuna ta mutu, don na matsa mata. Na san ita ce ta ƙarshe. Ka yafe mini wannan.

Akwai gyara guda ɗaya. Rijiyar gidan mai itace a dama take in ka shiga, kai ka sa ta a hagu. Ban da wannan ban ga kuskure ba, kuma na nema. Ɗantani ma ya nema bai samu ba. Waɗanda suka ce gaisuwa ta yi yawa ba su san garin ba ne. Aikin ya yi kyau. Tun ranar da ka miƙo mini a zaure ya kamata ka ji haka daga bakina, a gaban mutanen nan shida. Uku daga cikinsu sun rasu, ba zan iya tara su ba.

Ba na ce ka sake gina shi ba. Ban san wahalar da ke ciki ba, kuma masu muryoyin da yawa sun tafi. Ba na kuma ce ka dawo ba.

Yau da safe na sa Bahijja ta riƙe mini wayarta a baki, a zaure, a kan buzun. Na sa an jawo keken an kaɗa shi don a ji ƙararsa. Sau huɗu tana cewa in sake. Za ta turo maka da zarar gwaggonka ta ce takardar nan ta shiga hannunka. Na san babu sauran inda za ka sa ta. Ka dai saurara. Ba ta da tsawo. Sallama uku ka yi, na amsa uku, na ce ka shigo ka sauke kayan.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Mikail